DAGA BAKIN ALLO: Wasan Mota Da Inda Ya Kamata A Koye Shi

A wannan wata filin namu zai ɗan ajiye zancen makaranta da jarrabawa ya leƙa titi, domin akwai wani abu da ya fara zama ruwan dare a bukukuwanmu, wanda in aka ci gaba da yi masa shiru wata rana za a yi kuka. Muna nufin wasan mota, wato juyin nan da samari ke yi da mota ranar ɗaurin aure ko kai amarya ko yammacin Salla. A taho a guje, a finciki birkin hannu, gindin mota ya wulwula, taya ta yi ƙara, ƙura ta turnuƙe, yara su bi da ihu da tafi. Da babura aka fara, yau ga shi abin ya kai ga motoci. Ba a Garwa kaɗai ba, duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Ngaundere da Marwa ya san abin da muke faɗi, kuma 'yan uwanmu na Kano da Kaduna da Abuja sun riga mu ganinsa.

Tun farko bari mu faɗi matsayinmu, don kada samari su ce malamin makaranta ya zo da faɗan da ya saba. Mu ba mu ce wasan mota shirme ne ba. Gwaninta ce ta gaske, tana da ƙa'idoji, tana da malamai, har gasa ake yi mata a duniya. Abin da muke cewa shi ne, abin da ake yi a lungunanmu ba shi ne wannan gwanintar ba, kamanninta ne kawai aka ɗauko daga wayar hannu, aka bar ilminta a can.

Kowa a ƙasar nan ya san hawan dawaki a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa, ko na mahayan Demsa da suka yi suna wajen doki. Barde ya taho da sukuwa kamar zai tsallake jama'a, sai ya zo gaban sarki ya ja linzami, doki ya yi turjiya ya tsaya cak, a yi jinjina. Babu mai hankalin da zai ce wannan hauka ne. Amma a duba abin da ke kewaye da shi. An share fili, dogarai sun kori jama'a gefe, mahayin tun yana yaro yake bisa doki a hannun manya, dokin ma an hore shi. Da wani yaro zai ari dokin maƙwabci ya shiga kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya ce zai yi jafi tsakanin masu tallar gyaɗa, da ba wanda zai kira shi barde. To, mota ta fi doki nauyi nesa ba kusa ba, kuma ita ba ta da idon da za ta kauce wa yaro da kanta.

Shi wannan wasa, wanda Turawa ke kira dirif, mu kuma za mu iya ce masa zamiyar mota, a ƙasar Japan ya girma. Wani ɗan tsere mai suna Kunimitsu Takahashi ne aka fara lura da shi a shekarun 1970 yana shiga kwana da motarsa a karkace. Bayansa sai Keiichi Tsuchiya, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Zamiya, ya ɗaukaka abin da wata ƙaramar Toyota Corolla ƙirar AE86, har wani faifan bidiyonsa na shekarar 1987 ya bazu ko'ina. A hanyoyin kan duwatsu ya fara, amma bai tsaya nan ba, ya shiga filin tsere na sosai, har ya zo na biyu a tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1999. Da shi aka kafa gasar D1 Grand Prix a Japan a farkon shekarun 2000, Amurka ta bi baya da tata gasar a 2004, sannan fim ɗin nan na Tokyo Drift da ya fito a 2006 ya kai labarin har ɗakunan kallon unguwanninmu. A lura da hanyar da abin ya bi: daga titi aka ɗauke shi aka kai shi fili mai shinge. Mu kuma sai muka ɗauko shi daga filin muka maido shi titi.

A gasar ba wanda ya riga isa ake dubawa ba. Alƙalai ne ke zaune suna ba da maki: shin direba ya bi layin da aka zana masa, yaya karkatar motar take, kuma ya riƙe ta a haka tun daga bakin kwana har ƙarshenta ba tare da ta kufce masa ba? Ashe ke nan abin da ake yabo shi ne riƙo, ba sakin mota ba. Wanda motarsa ta juya ta dubi inda ta fito, wannan ya faɗi. A wajenmu kuwa shi ake yi wa tafi.

Yanzu bari mu koma allo, mu ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin motar. Duk girman mota, abin da ke haɗa ta da ƙasa tayoyi huɗu ne, kuma inda kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da wannan ɗan wuri ne mota ke tashi, da shi take tsayawa, da shi take shan kwana. Riƙon da yake da shi ƙayyadadde ne, kamar albashin malami: in ka kashe shi duka wajen birki, babu abin da zai saura na juyawa. Shi ya sa in direba ya danne birki har tayoyi suka daskare, ko ya murɗa sitiyari iyakar murɗawa motar gaba za ta yi kurum. Har ila yau nauyin mota ba ya zama wuri ɗaya. In ka taka birki sai nauyin ya koma gaba, gindi ya yi sakayau. In ka taka totur sai ya koma baya. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a bayan akori-kura ya ji wannan a jikinsa.

Mota iri biyu take zamewa a kwana. Ko dai gaba ya ƙi bin sitiyari, ta miƙe ta nufi daji, ko kuma gindi ya zame ya nemi ya wuce gaba. Na biyun nan shi ne mai wasan mota ke jawowa da gangan. Yakan yi haka ta hanyar taka kuloci ya ja birkin hannu na ɗan ƙiftawar ido, ko ya taka kuloci ya sake shi da ƙarfi alhali inji na kuka, ko kuma ya ɗan kaɗa motar wajen da ba nan zai bi ba sannan ya dawo da ita da sauri don nauyi ya wurgo gindin. Wannan dabara ta ƙarshe direbobin tseren daji na Finlan da maƙwabtansu ne suka yi suna da ita. Da irin waɗannan dabaru ake tseren daji a kan marmara, irin wanda ya ratsa ƙasarmu a watan Janairun 1992, lokacin da motocin tseren Faris zuwa Kef suka taso daga Buwar ta Afirka ta Tsakiya suka sauka Yawunde.

Amma fa jawo zamiya ba shi ne aikin ba, ko yaro ya iya fincikar birkin hannu. Aikin yana cikin abin da ya biyo baya, kuma a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ake yinsa. Da gindi ya zame dama, sai a mayar da sitiyari dama, in hagu ya yi a mayar hagu, wato a bi shi inda ya nufa. Ƙafa kuma ta zauna a kan totur daidai wa daida. In ta yi nauyi mota ta juya gaba ɗaya. In aka ɗage ta farat ɗaya don tsoro, tayoyin baya su cafki ƙasa ba zato, motar ta yi wurgi da kanta ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, kuma a nan ne akasari ake cin bango ko sandar lantarki. Sannan dole a san lokacin da za a warware sitiyarin, domin wanda ya makara da warwarewa daidai yake da wanda bai murɗa ba. Ido kuwa, malaman tuƙi sun haɗu a kan magana ɗaya: ka dubi inda kake son zuwa, kada ka dubi abin da kake tsoro. Hannu ido yake bi. Wanda ya ƙura wa itacen dalbejiya ido yana addu'ar kada ya buge shi, to shi zai buga.

Duk wannan ba a koyonsa da ka, sai jiki ya haddace, kamar yadda yaro ke haddace jadawalin sau. Shi ya sa a makarantun da ake koyar da shi ba a farawa da gudu. Fili ake samu shimfiɗaɗɗe wanda babu komai a cikinsa, sau da yawa ma a jiƙa shi da ruwa don mota ta zame tun tana tafiya a hankali, tayoyi kuma su huta. A kafa alama guda a tsakiya, ɗalibi ya yi ta kewaya ta a giya ta ɗaya ko ta biyu, malami na gefensa. Zai juya ya dubi baya sau hamsin, ba abin kunya ba ne, domin babu abin da zai buga. In ya iya da'ira sai a kafa alama ta biyu ya koyi sauyawa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai rubuta lamba 8. Sai bayan wannan ake shiga kwanar gaske, kuma sai an daɗe ƙwarai kafin a yarda motoci biyu su jera. Direba na sanye da hular kwano, an ɗaure shi a kujera da ɗamara, motar gasa an yi mata kejin ƙarfe a ciki saboda kifewa, ga tukunyar kashe wuta a kusa, 'yan kallo kuma suna bayan shinge. Tayoyin baya kuwa cikin 'yan mintoci suke cinyewa, abin da ya sa wasan ba na mai neman kuɗin cefane ba ne.

Akwai kuma wani abu da yawancin samarinmu ba su sani ba, wanda kowane makanike zai gaya musu kyauta. Motar da ake wannan wasa da ita, tayoyin baya ne ke tura ta, kamar tsohuwar Peugeot 504 da 505, ko Mercedes 190, ko BMW. Ƙananan motocin da suka cika garuruwanmu kuwa, su Starlet da Corolla da Carina E da Yaris, tayoyin gaba ne ke jansu. In ka ja wa irin wannan birkin hannu gindi zai wulwula, gaskiya ne, amma ba ka da abin da za ka riƙe zamiyar da shi, domin totur ɗinka ba ya magana da tayoyin baya. Ka jefa dutse ne kawai, inda ya faɗa nan ya faɗa. Hilux da manyan motoci masu tsawo nasu haɗarin daban ne. In suna tafiya a karkace taya ta ci karo da bakin kwalbati ko tudun yashi, ba zamewa za su ci gaba da yi ba, kifewa za su yi, da mutum goma a baya suna waƙar amarya. A haɗa wannan da tayoyin gwanjo da suka sha zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Af, tun da zancen taya ya zo: a jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta. In ka ga 2318, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Mai saye ya riƙa dubawa, kada ya tsaya ga baƙin man da aka shafa mata.

Ga ɗan lissafi, irin wanda ɗan aji shida zai iya bi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga yaro ya fito, ƙwaƙwalwa ta ba da umurni, ƙafa ta isa birki, daƙiƙa guda ta wuce, mita 17 sun tafi ke nan. Birkin kansa a kan busasshiyar kwalta mai kyau zai ci wajen mita 20. In akwai yashi ko tsakuwa a kan kwaltar, kamar yadda iska da ruwa ke tara mana a kowace kwana, sai ya kusa ninkawa. In kuma aka ninka gudu, nisan birki ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. Wanda mota ta buge a gudun kilomita 50 kamar wanda ya faɗo ne daga bene mai hawa uku. To, a auna wannan da faɗin layin unguwa ranar buki, inda tsakanin taya da ƙafar 'yan kallo bai kai taku biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Su ne dai waɗanda ke cikin motar da waɗanda ke bin ta da gudu.

Abin da ya sa muka ce kada a yi watsi da ilmin shi ne, kowane direba a Arewa wata rana motarsa za ta zame ba da sonsa ba. Ruwan farko na damina in ya sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da baƙin mai wata shida, santsinta kamar sabulu yake. Hanyoyin marmara na ƙauyukan auduga, inda manyan motocin SODECOTON ke kai da kawowa da rani, gargadarsu kan sa gindin mota rawa ko da a miƙe ake tafiya. Gangaren nan na Falez tsakanin Ngaundere da Mbe kowa ya san yadda kwanoninsa suke, kuma mai hankali da ƙaramar giya yake saukarsa, ba ya dogara da birki har ya yi zafi ya daina ci. A irin waɗannan wurare direban da ya taɓa jin yadda zamiya take a fili, hannunsa zai yi abin da ya dace kafin tsoro ya iso. In gaba ne ya ƙi juyawa, ya sassauta totur, ya rage murɗin sitiyari har tayoyi su sake kamawa. In motarsa mai birkin ABS ce ya danne ya riƙe, ko da ya ji birkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa, aikinsa ke nan. In tsohuwa ce marar shi, da ya ji tayoyi sun daskare ya ɗan saki ya sake takawa. Mutum nawa ne cikin masu takardar tuƙi a garin nan aka taɓa nuna musu wannan a aikace? Galibi an koya mana tashi da tsayawa da ja da baya ne, sauran kuma aka bar wa ƙaddara.

Ta fuskar doka babu wani sassauci don ana buki. Sashe na 289 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyar, ko tarar faran 10,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni ta hanyar ganganci ko sakaci. Sashe na 290 kuma ya ninka hukuncin in direban yana cikin maye, ko ba shi da takardar tuƙi, ko ya gudu bayan haɗarin. Mai motar da ya miƙa wa ƙanensa makulli don a fita kunyar abokai, shi ma sai ya yi ta sintiri tsakanin jandarma da asibiti. Mu kuma da muke zaune cikin wasu al'ummomi muna da ƙarin abin dubawa. A Birketeri ta Yawunde ko New Bell ta Duwala ko unguwar Hausawa ta Bamenda, in yaronmu ya take ɗan maƙwabta ranar buki, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa sun kashe yaro. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma zaman lafiyar da kakanninmu fatake suka gina shekara da shekaru ba abin da za a saka a caca ba ne saboda tafin minti biyu.

Ƙasashe biyu sun gwada hanyoyi biyu, kuma duka suna da abin koyo. Alhazanmu sun san abin da Larabawa ke kira tafhiɗi a titunan Saudiyya. A 2016 hukuma ta ɗaga tararsa zuwa riyal 20,000 a karo na farko, 40,000 a na biyu, 60,000 a na uku, ban da tsare mota. Afirka ta Kudu kuwa, inda wasan juya mota ya taso a unguwar Soweto a shekarun 1980 da mummunan suna, a 2014 hukumar wasannin mota ta ƙasar ta karɓe shi a matsayin wasa, aka ba shi filaye da ƙa'idoji, har ya zama sana'ar wasu. A ganinmu hani kaɗai ba zai yi ba. Saurayin da aka kora daga babban titi lungu zai koma, lungu kuwa ya fi titi yara.

Garwa ba ta rasa fili ba. Garin da ya karɓi gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022 ba zai kasa ware shimfiɗaɗɗen wuri guda a bayan gari ba, ta wajen hanyar Pitowa ko ta Gashiga, nesa da gidaje da burtalin shanu. Ba sai an zuba kwalta ba. A daidaita ƙasa, a kwashe duwatsu, a jera tsofaffin tayoyi su zama shinge, a ja igiya inda 'yan kallo za su tsaya. Masu makarantun koyon tuƙi su kawo malamai, ƙungiyoyin direbobi da makanikai su kawo tsohuwar 504 guda ko biyu, a nemi izinin magajin gari da jandarma a rubuce, kada a fara sai akwai ma'aikacin lafiya a wurin. Da safe a koya wa direbobin haya da na ofis yadda ake kama mota in ta zame, da yamma samari masu takardar tuƙi da hular kwano su yi wasansu ɗaya bayan ɗaya. Wannan magana ce da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasanmu za su iya ɗauka su kai gaba, domin an fi jin muryarsu da ta mai alli.

Kafin a samu filin kuwa, akwai abin da ke hannunmu tun yau. Waliyyan ango da na amarya su faɗa tun wajen sa rana cewa ba a wasan mota a bukinsu, liman ya maimaita bayan an shafa fatiha, a kuma sa dattijo guda a motar gaba ta 'yan kai amarya, yadda babu mai wuce shi.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan 'yan acaɓa da batun hular kwano.